A Ƙarƙashin Bokiti

"Mama, in aka shafa wa tsohon abu fenti, shi ke nan ya zama sabo?"

Auta tana durƙushe gaban baho tana cuɗa wuyan jaririnta, ko ɗagowa ba ta yi ba. 'Yarta ta fari, wadda kowa a gidan ke kira Aku saboda bakinta ba ya hutawa, tana zaune a bakin ƙofar banɗaki da kofin shayi a hannu, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya ya yi nasa wuri.

"Shanye shayinki. Tsoho tsoho ne, ko wanka aka yi masa da fenti."

"To ai Kawu ya ce ya zama sabo."

"Mene ne ya zama sabon?"

"Wannan ƙarfen mai baki irin na kada, na motar Kaka. Ranar da kika bar ni wurin Anti na leƙa gareji, na gan shi duk tsatsa, Kawu yana ta yi masa tartsatsi. Ya ce in rufe idona. Da ya gama sai ya fesa masa ruwan ɗorawa. Ya ba ni alewa biyu, ya ce sirrinmu ne, kada in gaya miki." Ta kurɓi shayi, ta ɗan yi tunani. "Amma ai ban gaya miki ba ko? Tambaya kawai na yi."

Hannun Auta ya tsaya cak a cikin ruwan. Jaririn ya ji an daina cuɗa shi, ya doki ruwan da ƙafa ya fantsama mata a fuska, ba ta share ba.

Motar Kaka tarakta ce mai hannun haƙa a baya, wadda mahaifin Auta ya rasu ya bari. Da aka zo raba abin da ya bari, yayanta ya ɗauki gareji da injin walda, ita kuwa ta ce a bar mata taraktar. Dangi suka yi ta dariya, wai me mace za ta yi da motar tonon rami. Sun manta tun tana shekara bakwai ita ce mai miƙa wa Baba sifana, ta san lamba sha bakwai da sha tara da ido tun kafin ta iya kitse kanta. Ba ita ke tuƙi ba, tsohon direban Baba ne ke tuƙi har yau. Amma ita ake kira a waya, ita ke tsare mai aiki da tambaya: ƙasar wurin yashi ce, laka ce, ko mai duwatsu? Ramin na mene ne? Faɗinsa nawa? Sai ta ji amsa sannan ta faɗi bokitin haƙa da za a ɗaura wa hannun. Uku gare ta: mai faɗi marar haƙora na kwashe laka da daidaita ƙasa, matsakaici na tushen gini, da siriri na ramin bututu. Wanda ya nace sai an kawo masa babba don a gama da wuri, takan ce masa, "Ramin bututu kake so ko tafki? Duk ƙasar da aka kwashe a banza, kai za ka mayar da ita da shebur."

Wahalar ɗaya ce: sauya bokiti. Sai mutum biyu, da guduma, da sa'a guda cur ana dukan fin, wato sandar ƙarfen nan mai kauri da ke soke bokiti a jikin hannun haƙa. Watan jiya gudumar ta kuɓuce ta fasa wa Baba Direba babban yatsa, farcen ya fita gaba ɗaya. Ranar Auta ta yanke shawarar sayen kofla, wani ƙarfe mai baki biyu da ake ɗaurawa a ƙarshen hannun, shi ya riƙa cafke bokiti ya saki cikin minti biyar ba tare da guduma ba.

Da kanta ta shiga ƙarƙashin hannun da tef, da goyo a baya, ta ɗauki awo uku: kaurin fin, tazarar da ke tsakanin fin biyu, da faɗin tsakanin kunnuwan bokiti. Ta rubuta a bayan kwali ta kai wa Yaya, tunda shi ya san dillalai.

"Arba'in ne kaurin fin ɗinmu, Yaya. Milimita arba'in. Kada su ba ka ta arba'in da biyar su ce duk ɗaya ne."

"Auta ke nan," ya ce yana dariya, ya cusa kwalin a aljihu. "Ni za ki koya wa awo? Wa ya koya miki riƙe tef? Sabuwa fil zan kawo miki, daga leda."

Jiya ya kawo ta tana sheƙi, ya ɗaura da hannunsa, ya cafke siririn bokiti da ita. Auta ta zagaya ta duba abu ɗaya da Baba ya hore su a kai tun suna yara: fin ɗin tsaro, wanda ke ratsa kofla daga wannan gefe zuwa wancan ya tare bakin baya, ta yadda ko noti ya kwance bakin ba zai buɗe ya saki bokiti ba. Ta ga kansa a dama. Ta ga wutsiyarsa a hagu da 'yar makullinsa. Ta kai hannu za ta zare, Yaya ya ce, "Bar shi, sabo ne, da tauri. Aikin mijinki ai siririn kawai yake so. Ranar Asabar in zo in sassauta muku." Ta bari. Har abinci ta zuba masa a kwano ya tafi wa matarsa da shi.

Aikin mijinta kuwa yau aka fara. Mai aikin famfo ne, shekara shida yana gyaran tiyo da toshewar banɗaki a gidajen mutane, sai bana ya samu aiki mai suna aiki: shimfiɗa magudanar ruwa ta wata sabuwar makaranta. Bututun siminti sittin, kowanne ƙarti huɗu ba sa ɗaga shi. Da sarƙa ake ratayo su a ƙugiyar da ke bayan bokiti, a sauke su cikin rami. Wanda ke tsaye a ƙasan ramin yana tarar bututun da hannu biyu yana haɗa baki da baki, shi ne Abban Aku.

Ta ciro jaririn daga ruwa ko ɗauraye kumfar kunnensa ba ta yi ba. Ta kira mijinta, wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ta san inda take: cikin aljihun rigar da yake ratayewa kafin ya sa kayan aiki. Ta kira Baba Direba sau uku. Wanda ke zaune kan inji ba ya jin ko kiran sunansa, balle waya.

"Mama, na yi laifi?"

"Ba ki yi ba, uwata. Nemo ɗaya takalmin."

Ta miƙa Aku ga maƙwabciyarta, ta goya jaririn, ta ɗaure da zani biyu. A bakin titi bas biyu suka wuce a cike, ta uku ta tsaya. Ta samu gefen kujera kusa da wata mata mai kwandon ƙwai a cinya, ta zauna a karkace don kada a matse mata yaro. Sannan ta kira Yaya.

"Autar Baba! Lafiya da sassafe?"

"Yaya, koflar nan a ina ka saye ta?"

"Wurin dillali mana. Wani abu ya faru?"

"Wane dillalin? Ina ledarta? Ina takardar da ke zuwa da ita?"

"Ledar na yar. Ke wai me ke damunki? Ko wani ne ya zuga ki?"

"Ka rantse mini sabuwa ce."

"Haba Auta. Ni da ke har sai da rantsuwa?"

"Ina hanyar wurin aikin. Ka same ni can."

"Ki koma gida ki kula da yara, ki bar maza su yi..."

Ta kashe. Mai ƙwai ta kalle ta ta gefen ido ta ce, "Maigida ne?"

"Yayana ne."

"Ai gara miji," matar ta ce, ta gyara kwandonta. "Shi ko ba komai kya iya yin yaji."

Auta ba ta yi dariya ba. Idonta na kan titi, ranta na wani wuri. Yayan nan shi ya riƙa goya ta zuwa makaranta lokacin da ta karye a ƙafa. Shi ya tsaya mata da dangi suka so a sayar da taraktar. Ranar da za ta haifi Aku, shi ya zauna a bencin asibiti tun safe har yamma da kayan walda a jikinsa. Ta yi ta neman hanyar da maganar yarinya za ta zama shirme. Wataƙila wani ƙarfen ne daban. Wataƙila na wani ne. Amma Aku ta ce mai baki irin na kada, ta ce ruwan ɗorawa, kuma yarinyar nan surutu gare ta, ba ƙarya ba.

Bas ta tsaya sau tara kafin a kai. Auta ta ƙirga.

An kewaye wurin aikin da kwanon rufi. A bakin ƙofa wata dattijuwa na sayar wa leburori shayi da burodi. Auta ta kwance goyonta ta miƙa mata. "Inna, don Allah riƙe mini shi. Kada ki bari kowa ya shiga da shi ciki, ko ni ce na ce." Dattijuwar ta karɓa tana kallonta baki buɗe.

Tana shiga ta hango taraktar a can ƙarshen fili, ta kafa ƙafafunta biyu na tokare a bakin rami. Hannun haƙa na sama. A ƙarƙashin bokiti sarƙa ta miƙe tsaf, bututun siminti na lilo a hankali. A ƙarƙashin bututun, cikin ramin da ya kai mutum kafaɗa, hular kwano ce fara da hannuwa biyu a ɗage. Ta san hannuwan.

Ta so ta kurma ihu, ta fasa. Baba ya sha faɗa: kada ka firgita direba kaya na sama. In ya zabura ya fizgi libar sarrafa hannun, abin da kake gudu shi zai faru. Ta tsaya inda take, ta dunƙule bakin mayafinta a hannu. Bututun ya sauko taku ɗaya. Ya tsaya. Mijinta ya juya shi, ya yi wa direba alama da yatsa. Ya ƙara saukowa. Bokitin na bisa kansa daidai, kuma daga inda take tana ganin yadda yake ɗan gyaɗawa a bakin koflar, ƙas, ƙas, kamar haƙorin da ya kusa fita. Sabuwar kofla mai daidai da fin ɗinta ba ta wannan motsin.

Sai da bututun ya zauna, sarƙa ta yi sako-sako, aka kwance ta, hannun ya juya gefe, sannan ta sheƙa da gudu. Ta tsaya inda Baba Direba zai gan ta, ta ɗaga hannuwa biyu ta gicciye su bisa kanta. Tsohon ya sauke bokiti ƙasa, ya kashe inji. Wurin ya yi tsit.

"Manaja da kanta!" ya ce yana leƙowa. "Ko an zo duba mu ne ko muna barci?"

Ta je bakin ramin. "Abban Aku, fito."

Ya ɗago, gumi na bin gemunsa. "Lafiya? Yaran fa?"

"Lafiyarsu ƙalau. Fito tukuna."

Leburori uku da ke cikin ramin suka fara murmushi. Ɗaya ya ce, "Maigida, an tashi makaranta, an zo ɗaukarka." Sauran suka kwashe da dariya. Fuskar mijinta ta canza. Ya rage murya.

"Maman Aku, a gaban mutane? Sha ɗaya muka sauke, ko gezau. In magana ce ki bari in dawo gida."

"Ku ma ku fito," ta ce wa leburorin. "Dukkanku."

Foman, wato shugaban ma'aikatan wurin, ya iso da takardu a hammata, wani gajere mai tumbi da usur rataye a wuya. "Baiwar Allah, wa ya bar ki kika shigo? Ko hula ba ki da ita. Wa ya ce a kashe inji?"

"Ni na ce. Motata ce."

"Motarki ce, aikina ne. Yau sai bututu talatin sun kwanta, gobe masu cikowa za su zo."

"Ba ni minti biyar. In ban nuna maka komai ba, in fita da ƙafata, in ba ka haƙuri a gaban kowa."

Ta durƙusa gaban koflar, ta ciro makullin gida daga jakarta, ta kankare fentin cikin bakin gaba, inda yake rungume fin ɗin bokiti. Fentin ya taso kamar ɓawon albasa, ko gama bushewa bai yi ba. A ƙarƙashinsa ba ƙarfe mai santsi na kamfani ba ne. Layin walda ne, an jera shi, an goge da injin gurza. Ta san hannun. Yaya ne kaɗai ke jera walda haka, ƙanana ƙanana kamar ƙwayar masara.

Baba Direba ya sauko ya tsuguna kusa da ita, dariyar ta bar fuskarsa. Ya shafa wurin da yatsansa marar farce. "Walda a bakin kofla? Wannan ta babbar mota ce. Cike ta aka yi don ta kama namu." Ya matso da ido. "Manaja, duba nan."

Wani siririn layi ne baƙi, kamar gashi ɗaya, ya ratsa waldar daga sama zuwa ƙasa. Ta fara tsagewa.

"Ba komai," Foman ya ce, amma muryarsa ta sauka. "Ai ga fin ɗin tsaro nan. Ko ta saki, shi zai riƙe."

"Baba Direba, ba ni guduma."

Ta cire 'yar makullin da ke wutsiyar fin ɗin, ta saita, ta doka. In fin ne na gaskiya, kansa zai turo waje ta ɗaya gefen. Kan bai motsa ba. Ta sake dokawa. Wutsiyar ta karkace, ta ɓalle, ta faɗo cikin ƙasa. Auta ta ɗauka. Tsawonta bai kai gaɓar yatsa biyu ba, an yanke ta da zarto, da ɗigon walda ɗaya a gefe wanda ya manne ta a bakin ramin fin ɗin. Baba Direba ya zagaya dama, ya sa bakin sifana ya banƙare kan. Shi ma ya faɗo, guntu, da nasa ɗigon.

Ta sa ido a ramin fin ɗin. Ba ta ga haske ta wancan gefen ba. Ƙarfen bakin baya ne ya toshe hanyar, don ramin bai ma zo daidai ba. Tsakanin kai da wutsiya babu komai.

Mijinta ya riga ya fito, yana tsaye a bayanta. Ta buɗe tafin hannunta ta nuna masa guntayen biyu. Ya kalle su, ya kalli ramin da ya fito, ya kalli bututu sha ɗaya da ke kwance a jere. Ya cire hular kwanonsa ya juya ta a hannu kamar yau ya fara ganinta, ya nemi tarin yashi ya zauna. Lebura mai tsokana ya ce, "Innalillahi," a hankali, bai ƙara ba.

A lokacin ne babur ɗin Yaya ya shigo. Ya kafe shi, ya taho da saurinsa yana murmushi yana gaisawa da mutane, har ya iso ya ga abin da ke hannun ƙanwarsa. Murmushin ya tsaya a fuskarsa bai san inda zai je ba.

"Wa ya ce ku taɓa? Na ce ku bari sai Asabar."

"Me za ka yi ranar Asabar, Yaya?"

"In sake huda ramin daidai, in sa cikakken fin. Kwana uku kawai. Ta arba'in ɗin ba ta kasuwa, sai an yi oda, sati uku. Aikin mijinki kuma yau ne. Da na ce miki babu, da kun rasa aikin. Taimakonku na yi."

"Da ka gaya mini, da mun ɗaura bokiti da guduma yadda muka saba."

"Ke ba ki san ƙarfe ba, Auta. Waldata ta fi ta kamfani. Shekara ashirin, wa ya taɓa dawo mini da aiki?"

"Ta tsage," in ji Baba Direba, bai ko kalle shi ba.

"Fenti ne ya tsage, tsoho. Idonka ya mutu."

Auta ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba. "Waldar na ji, ka yarda da hannunka. Wannan fa?" Ta ɗaga guntayen. "Wannan ba ya riƙe komai. Ba don mota ka yi shi ba. Ka zauna ka yanka, ka manna kai, ka manna wutsiya, har da 'yar makulli. Don wa?"

Yaya ya kalli Foman, ya kalli leburori, ya kalli takalminsa.

"Don wa, Yaya?"

"Na san za ki duba," ya ce.

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ta ji maganar ta shige ta ta zauna a wani wuri ƙasan haƙarƙari. Ya san za ta duba, domin tare Baba ya tsayar da su a gareji ya koya musu, shi yana da sha biyar, ita tana da bakwai. Duk duniya ba wanda ya san inda idonta zai fara sauka sai shi, kuma daidai wurin ya je ya tsaya.

"In kuɗinki ne, zan mayar miki," ya ce. "Har da ƙari."

"Na tambaye ka kuɗi?"

"To me kike so? In kwanta a ƙasa? Na ce miki za ta riƙe. Wallahi za ta riƙe har talatin ɗin, har sittin."

"To." Ta juya. "Baba Direba, ta da inji. A rataya bututu na sha biyu." Ta ɗauki hular kwanon daga hannun mijinta ta miƙa wa yayanta. "Shiga ka tare shi."

Baba Direba ya hau kujerarsa a hankali, ya ɗora hannu kan makulli, ya jira. Yaya ya kalli hular. Ya kalli ramin, mai faɗin kafaɗa biyu, wanda in abu ya taho daga sama babu inda mutum zai kauce. Ya kalli bokitin.

"Ni ba aikina ba ne haɗa bututu," ya ce.

Hannunta na nan a miƙe da hular. Ta bar shi a miƙe har sai da kowa a wurin ya gama gani, sannan ta sauke.

Foman ya cire usur ɗin daga wuyansa ya sa a aljihu. "A cire wannan abin daga wurin aikina," ya ce. "Sa'a nawa za ku ɗauka ku ɗaura bokitin yadda yake da?"

"Ɗaya," in ji Auta. "In an ba mu mutum biyu, ƙasa da haka."

Mijinta ya tashi daga kan yashi, ya ɗauki guduma. Da ya zo wucewa ta gaban surukinsa sai ya tsaya. Shekara shida yana ce masa Yaya shi ma, yana rusuna masa in za su gaisa. Yau bai rusuna ba, ya wuce. Ba a jima ba ƙarar dukan fin ta cika filin.

Yaya ya juya wajen babur ɗinsa. Ta bi shi.

"Mutum nawa ka yi wa irin wannan?"

"Auta, ya isa. Kin tozarta ni a gaban leburori, bai ishe ki ba?"

"Hannunka ya saba. Wanda ya fara yau ba ya manna guntu da ɗigo ɗaya ya zauna haka. Mutum nawa?"

Ya hau babur, ya kama makulli. Ta dafa kan babur ɗin da hannu biyu.

"Uku," ya ce a ƙarshe. "Wata ɗaya da ya wuce na samu guda huɗu a wurin masu gwangwan. Duk ramin bai zo daidai ba. Na ce musu su dawo in gyara."

"Sun dawo?"

Ya kau da kai.

"Ba ni lambobinsu."

"Kin san abin da kike shirin yi? In maganar nan ta fita, garejin Baba ya mutu. Ba wanda zai ƙara kawo mini ko tayar baro. 'Ya'yana huɗu, Auta. Ni yayanki ne."

"Na sani," ta ce. Idonta ya cika, ta ƙi barinsa ya zubo. "Ko ka kira su yanzu ina tsaye ina ji, ko ka ba ni in kira. Zaɓin da zan iya ba ka ke nan."

Ya daɗe yana kallonta, kamar yana neman yarinyar da ya saba goyawa. Sannan ya ciro waya, ya karanto mata lamba biyu, muryarsa ba ta fita sosai.

"Na ukun fa?"

"Ba ni da ita. Baƙo ne, wucewa yake yi da motarsa a kan tirela. Ya saya, na ɗaura masa, ya tafi. Ko sunansa ban tambaya ba."

Ta saki babur ɗin. Ya tayar ya fita, bai waiwaya ba.

A bakin ƙofa ta karɓi jaririnta, wanda ya yi kuka har ya gaji ya koma ajiyar zuciya. Ta zauna kan bencin mai shayi, ta juya wa titi baya, ta ba shi nono, ta kira lamba ta farko. Mutumin ya saurara, ya ce zai duba, ya kira ta bayan minti goma yana salati. Na biyun ya zage ta tas, ya ce 'yan baƙin ciki ne ke son ɓata sunan mai walda. Ta bar shi ya gama, ta ce, "Na ji. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Je ka doki wutsiyar fin ɗin, sannan ka ƙarasa zagin." Bai sake kira ba, amma da yamma ya turo mata hoton guntaye biyu a tafin hannu, babu ko kalma ɗaya a ƙasa.

Na ukun har yau Auta ba ta same shi ba. Ta tambayi direbobin tirela, ta tambayi masu sayar da tiyo da giris, ta bar lambarta a gareji bakwai. Motar na can wani wuri tana aiki, kuma duk wanda ya zagaya ya duba zai ga kai a dama, wutsiya a hagu, da 'yar makulli tsaf. Don haka kai da ke shiga rami, ko ke wadda mijinki ke shiga, in bokiti zai bi ta bisa kai, kada a tsaya ga kallo. A sauke shi ƙasa, a kashe inji, a zare fin ɗin gaba ɗayansa a riƙe a hannu. In an ce da tauri, a bari sai wani lokaci, fito daga ramin.